Sandar awon tankin lambu: littafin aiki da Maxima

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Aikin: a yi wa wani tankin ruwa sandar awo da za ta faɗi lita nawa ke ciki. Tankin na ƙarfe ne, dogo mai zagaye, a kwance kan ƙafafu a wani lambu da ke hanyar Shika, gaba da Samaru. Mai lambun yana jiƙa taki a cikinsa, don haka yana bukatar sanin yawan ruwan kafin ya zuba. Sandar da ke wurin an raba ta gida huɗu daidai wa daida. Wannan rabon na duro ne da ke tsaye. Tankin da ke kwance cikinsa ya fi ƙasansa da samansa faɗi, shi ya sa rubu'in sanda ba rubu'in ruwa ba ne.

Awo na yau, da tef ɗin tela da na magina: zagayen waje santimita 378.9, wato faɗin waje 120.6. Kaurin ƙarfe milimita 3, an auna a bakin ramin da ake zura sanda. Faɗin ciki ya zama 120.0, rabinsa r = 0.6 na mita. Tsawon ciki L = 2.4. Murafen gefe biyu shafaffu ne, ba su da tudu, abin da ya rage mana aiki ƙwarai. Wanda ya manta da kaurin ƙarfe zai ƙara wa tankin kusan kashi 1 cikin 100, lita ashirin da wani abu da babu su.

Manhaja: Maxima, mai yin lissafi da haruffa ba da lambobi kaɗai ba, da wxMaxima a matsayin fuskarta. Kyauta ce, ba ta neman intanet bayan an saka ta, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta. Asalinta Macsyma ce da aka fara a MIT ta Amurka a 1968. William Schelter ya riƙe wani reshe nata daga 1982, ya samu izinin sake shi ga kowa a 1998. Za a riƙa gwada amsoshinta da SymPy, wata manhajar lissafin haruffa ta harshen Python, don kada a dogara da baki ɗaya.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An saka manhajojin biyu. Kuɗin data ₦1,500. Ba a yi wani lissafi ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Fomular yawan ruwa. Ba a kwafo ta daga littafi ba, an bar Maxima ta fitar da ita. Idan aka yanka tankin kamar yadda ake yanka rake, faɗin fuskar ruwa a tsayi y shi ne 2*sqrt(y*(2*r-y)). Tara waɗannan siraran yanka daga ƙasa zuwa h, wato zurfin ruwan, shi ke ba da filin da ruwa ya cika:

integrate(2*sqrt(y*(2*r-y)), y, 0, h);

Maimakon amsa sai tambaya: h ya fi sifili ne, ko yana ƙasa da shi, ko sifili ne? Sabon shiga yakan ɗauka manhajar ta maƙale. Ba ta maƙale ba, ita ba ta san h zurfin ruwa ba ne, harafi kawai take gani. A faɗa mata tun farko:

assume(r>0, L>0, h>0, h<2*r);

Amsar ta zo da asin, alhali wadda aka saba gani tana da acos:

A(h) := r^2*acos((r-h)/r) - (r-h)*sqrt(h*(2*r-h));

Kamanninsu daban, amma abu ɗaya ne, tunda acos na kowace lamba rabin %pi ne a cire asin ɗinta. Ba a tsaya ga ido ba. An cire ɗaya daga ɗaya, an yi wa saura diff (umarnin fitar da gangara), an sauƙaƙa da radcan, an kuma zuba lambobi a wurare biyar, bambancin bai wuce burbushin lamba ta goma sha shida ba.

Kurakuran hannu guda biyu da suka ci lokaci. Na farko rubuta r = 0.6 a maimakon r : 0.6. A Maxima alamar daidai ba ta ajiye komai, jimlar lissafi kawai take ginawa. Ɗigo biyu ke ajiya, ɗigo biyu da daidai ke ƙirƙirar aiki irin A(h). Na biyu ya fi ɓoyuwa: da zarar an ba r lamba, duk abin da aka rubuta daga baya yana fitowa da 0.6 a ciki, harafin ya ɓace. Daga yau r da L ba za a ba su lamba ba. In ana son lamba sai a yi subst([r=3/5, L=12/5], ...) a layin ƙarshe. In abu ya rikice, kill(all) a sake daga sama.

Lambobin farko: cike lita 2,714.3. Zurfin santimita 10 lita 108.0, 20 lita 297.4, 30 lita 530.7, 40 lita 792.0, 50 lita 1,070.5, 60 lita 1,357.2. Ga amsar tsohuwar sanda: a rubu'inta, santimita 30, ruwan kashi 19.55 ne cikin 100, ba 25 ba. Mai lambun yana lissafa taki kan lita 679 alhali 531 ke ciki. Takin ya riƙa yin kauri ke nan duk lokacin da tanki ya yi ƙasa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Sanda tana bukatar juyin abin da muka samu. Ba "santimita 30 lita nawa" ba, "lita 500 santimita nawa".

An gwada solve. Ta fara da jero saƙonnin rat: replaced, wato tana mayar da 0.6 zuwa 3/5 don ita da lambobi cikakku take aiki, sannan ta dawo da wata jimla mai h a hagu da h a dama. Ba gazawar manhaja ba ce. h yana cikin acos kuma yana waje, babu yadda za a ware shi da ayyukan lissafin da aka sani. Nan iyakar lissafin haruffa, dole a koma na lambobi.

An fara da hanyar Newton da hannu, don a ga inda take tuntuɓe. Tana raba kuskure da gangarar V (yawan ruwa, wato L*A(h)), gangarar kuwa ita ce filin fuskar ruwa, 2*L*sqrt(h*(2*r-h)). A ƙasan tanki da samansa wannan filin sifili ne. Farawa daga h = 0 ya ba da expt: undefined: 0 to a negative exponent, wanda shi ne yadda Maxima ke cewa an raba da sifili. Aka matsa zuwa milimita 1, aka nemi lita 1,000. Gangara a nan 0.166 ce kacal, taki ɗaya na lissafin, wato mataki ɗaya, ya jefa h zuwa mita 6, a tankin da bai wuce 1.2 ba. Kuma ba ta tsaya ba. acos na lambar da ta fita tsakanin -1 da 1 yana da amsa a wurin Maxima, amsa mai %i (alamar sqrt na -1), sai ta ci gaba da lissafi hankali kwance tana cika allo da lambobin da ba su da alaƙa da ruwa. Wannan ya fi saƙon kuskure haɗari, domin saƙo yana tsayar da mutum.

Maganin yana cikin siffar fomular. Gangara ta fi girma a tsakiya, 2.88, don haka wanda ya fara daga h = r takinsa na farko ba zai taɓa zarce amsa ba. Ko da sifili ake nema, taki mafi nisa ya tsaya a 0.129, cikin tanki. Daga nan yana saukowa a hankali ta gefe ɗaya. Duk da haka don jadawalin an zaɓi find_root, wadda ke riƙe amsa tsakanin iyaka biyu (ƙaramin v shi ne yawan ruwan da ake nema):

find_root(V(h) - v, h, 0, 1.2);

Sakamako: lita 100 a 9.5, 250 a 17.7, 500 a 28.8, 1,000 a 47.5, 2,000 a 82.9, 2,500 a 104.0.

Talata, 11 ga Nuwamba

Jadawalin santimita ɗaya-ɗaya ya lalace a layin ƙarshe, %i ya sake fitowa. Dalili: ana ƙara 0.01 a kan h sau bayan sau. Kwamfuta ba ta iya riƙe 0.01 daidai, kamar yadda ba a iya rubuta ɗaya bisa uku a gama. Tana da gurabe 53 na sifili-da-ɗaya, kimanin lambobi 16, sauran ta yanke. Tara 0.01 sau ɗari yana ba da 1.0000000000000007. Kafin a kai ƙarshen tanki h ya ɗan haura 1.2, 2*r-h ya koma ƙasa da sifili, sqrt ya ba da %i.

Gyara: a ƙirga da cikakkun lambobi, i daga 0 zuwa 120, h ya zama i/100. Maxima na riƙe 37/100 a matsayin 37 bisa 100, ba ta yanke komai. float sai a ƙarshe. Irin wannan ne ya sa find_root ta ƙi lita 2,714.34 da cewa function has same sign at endpoints: an cika lambar sama, ta fi abin da tankin ke ɗauka da ɗigo kaɗan.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Gwaji da SymPy. Amsoshin sun yi daidai da na Maxima. Abubuwa uku ga mai tahowa daga Maxima: alamar ^ ba ta ɗaga lamba a Python,  ** ake rubutawa; 3/5 Python ke fara lissafa shi ya zama 0.6 kafin SymPy ta gani, don haka Rational(3,5) ake sawa; haruffa kuma a ƙirƙire su da positive=True, shi ne madadin assume. nsolve da solver='bisect' ta yi aikin find_root.

An ɗauke wuta da azahar, batir ya mutu, aikin rabin awa na wxMaxima ya tafi. Yanzu komai yana cikin fayil ɗin rubutu mai ƙarewa da .mac, ana kiransa da batch.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Gwajin fili, kuma bai yi daidai ba.

An zubar da tankin, an zuba ruwa da jarka. Ba a yarda da rubutun "lita 25" na jikin jarka ba, domin in an cika ta har baki tana wuce haka. Kowace an ɗora ta kan sikeli, an cire nauyin jarkar, an daidaita ruwan kilo 25. Jarka 20, kilo 500. Litar ruwa a irin wannan yanayi tana tsakanin kilo 0.997 da 0.998, wato an zuba lita 501 da ɗan kai, bambancin da sanda ba za ta gani ba.

Lissafi ya ce 28.8. Sanda ta ce 30.0. An goge, an sake zurawa sau uku, 30.0. A wannan zurfin kowane santimita lita 24.6 ne, kuskuren kusan lita 30 ke nan, fiye da jarka guda.

An fara zargin awo. diff ya ba da amsa nan take: kuskuren V bisa V daidai yake da ninki biyu na kuskuren r, a haɗa da na L, ga cikakken tanki. Kafin kuskuren tef ya kai kashi 6 cikin 100 sai an yi kuskuren santimitoci da yawa, abin da ba zai yiwu da tef biyu ba. An leƙa ciki da tocila ko akwai laka a ƙasa, babu mai yawa. An tashi ba a gano ba. Ladan yara biyu masu ɗauko ruwa ₦3,000.

Litinin, 17 ga Nuwamba

An koma da tiyon ruwa irin na magina, mai haske, mita biyar. An ɗora baki ɗaya a kowane gefen tankin, an auna daga layin ruwa zuwa saman ƙarfe. Gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa da santimita 3.6. Ƙafafun wancan gefen sun nutse, da alama tun damina. Ido ba ya gani: 3.6 cikin 240 karkata ce ta 0.015, ƙasa da digiri ɗaya.

Ramin sanda kuma ba a tsakiya yake ba. Yana santimita 40 daga gefen da ya nutse, 80 daga tsakiya. 80 sau 0.015 ya ba da 1.2. Ga santimita 1.2 ɗinmu, cif.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Fomular tanki mai karkata. Yanzu zurfi yana canzawa tare da tsawon tankin, dole a sake tara A daga wannan gefe zuwa wancan. Ana iya miƙa wa quad_qags ta yi da lambobi, kuma an yi hakan don gwaji. Amma A tana da tarin da ake iya rubutawa. In u = r-h, w = sqrt(h*(2*r-h)):

F(h) = r^2*w - w^3/3 - r^2*u*acos(u/r)

An tabbatar da shi ta hanyar da ta fi sauƙi: diff na F, a cire A, radcan, sifili. Duk amsar integrate a gwada ta haka, ba ya cin minti ɗaya. Yawan ruwa sai ya zama F a gefe mai zurfi, a cire F a gefe marar zurfi, a raba da karkata s.

Sai aka yi abin da ya biya kuɗin duk aikin. Da hc a matsayin zurfin tsakiyar tanki, da Vk a matsayin yawan ruwan tanki mai karkata, aka ce taylor(Vk, s, 0, 2), wato a baje Vk gaɓa-gaɓa har zuwa s^2. Bayan sauƙaƙawa:

L*A(hc) + s^2*L^3*(r-hc)/(12*w)

Babu gaɓar da ke da s shi kaɗai. Abin da gefe ɗaya ya ƙara, ɗaya gefen ya rage, sai ɗan saura mai s^2. A lita 500 wannan sauran lita 0.16 ne, a lita 100 kimanin 0.4, ƙasa da moɗa guda. Ma'ana, da mai walda ya huda ramin a tsakiyar tankin, da karkatar ba ta dame mu ba ko kaɗan. Duk kuskuren lita 30 daga wurin ramin ya fito. quad_qags za ta ba da lambobi daidai har gobe, amma ba za ta taɓa faɗin wannan ba. Sai mutum ya yi ta gwada wurare daban-daban har ya lura, in ya lura. A layi ɗaya na haruffa ana ganinsa a fili.

A aikace: a ɗauki jadawalin 10 ga wata, a ƙara 1.2 a kowane layi. 100 a 10.7, 250 a 18.9, 500 a 30.0, 1,000 a 48.7, 2,000 a 84.1, 2,500 a 105.2.

Wannan ƙarin ba ya aiki a ƙasa can. In sanda ta nuna ƙasa da santimita 3.0, gefen sama ya riga ya bushe, F na neman zurfin da ke ƙasa da sifili, %i ya dawo. An sa max da min su tsare h tsakanin 0 da 2*r a ƙasa; a sama kuma, inda gefen da ya nutse ya riga ya cika, sai an ƙara cikakken fili sau tsawon da ya cika, in ba haka ba lissafin yana rage ruwa. An manta da wannan a karon farko, quad_qags ce ta tona.

Abubuwa biyu da suka fito a hanya. Famfon fita yana gefen da ya ɗaga, don haka lita 9.5 ba sa taɓa fita, kuma a nan ragowar taki ke kwanciya. A sama kuma ruwa zai fara malala ta ramin sanda alhali akwai iskar kusan lita 6 a ɗaya gefen. Abin da ake iya zubawa kimanin lita 2,708 ne.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Gwada fomular karkata da s ƙarami, don a ga ko tana komawa ta farko. Da s = 0 an raba da sifili, an san da wannan. Da s = 1e-6 daidai. Da 1e-15 amsar ta kauce da lita da dama. Ana cire lambobi biyu da suka yi kama har gurbi na goma sha biyar, abin da ya rage shara ne, sannan a raba sharar da ƙaramar lamba ta kumbura. Da fpprec : 40 da bfloat amsar ta dawo daidai, wanda ya nuna fomular lafiyarta lau, gurabe 16 ne ba su isa ba. limit ma ya ba da L*A(hc). A shirin an sa sharaɗi: in s bai kai 1e-6 ba, a yi amfani da fomular farko. Babu tankin da za a auna wa karkata irin wannan, amma wani zai rubuta 0 wata rana.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Gwajin fili na biyu. Jarka 40, sanda 48.6, lissafi 48.7. Milimita ɗaya a nan lita 2.8 ne. Karanta jiƙaƙƙen layi a jikin sanda ba ya wuce daidaiton milimita 2, wato lita 6 sama ko ƙasa a tsakiyar tanki, kuma da iskar hunturu layin yana bushewa kafin a gama dubawa. Shafa alli a jikin sandar ya taimaka. Ba amfanin buga jadawali mai gurabe huɗu bayan ɗigo. Lada ₦5,000.

Talata, 25 ga Nuwamba

An fitar da jadawalin da write_data zuwa fayil ɗin csv. A Windows a rubuta hanyar fayil da /, domin Maxima na haɗiye ɗaya layin mai karkata baya. fpprintprec : 4 ya rage tsawon lambobi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Mataki na biyu: minti nawa tankin ke ɗauka ya zube, don a tsara ban ruwa.

Dokar Torricelli, ta 1643: gudun ruwan da ke fita ta rami shi ne sqrt(2*g*h). Ga rami mai kaifin baki ana ninka filinsa da kusan 0.61, saboda ruwa na matsewa bayan ya fita. A tanki kwance abin ya zo da sauƙi fiye da zato, sqrt(h) na sama da na ƙasa suna cinye juna, saura sqrt(2*r-h) kawai, Maxima ta tara shi ba tambaya:

t = 4*L*((2*r-h)^(3/2) - (2*r-h0)^(3/2))/(3*C*a*sqrt(2*g))

A nan h0 zurfin farawa ne, a filin bakin ramin, C abin ninkawar nan, g ƙarfin jan ƙasa. Da baki mai faɗin milimita 25, C = 0.61, g = 9.81: daga cike zuwa ƙasa daƙiƙa 3,172, kusan minti 53. Rabin sama yana tafiya cikin kashi 35 cikin 100 na lokacin, minti 18 da daƙiƙa 41.

A gefe: g a Zariya bai kai 9.81 ba. Garin yana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, sama da mita 600 daga teku, g ɗinsa kusan 9.78 ne. Tunda yana ƙarƙashin sqrt, bambancin daƙiƙa 5 ne cikin minti 53. An bar 9.81.

Litinin, 1 ga Disamba

Fomular Alhamis kyakkyawa ce amma ba ta tankinmu ba ce. Ruwan ba ya fita a gindin tanki, bututu ne ke sauko da shi mita 1.5 ƙasa, ta gwiwa biyu da famfo. Abin da ke tura shi h+H ne, H = 1.5. Yanzu sqrt(h) ba shi da abokin cinyewa:

integrate(sqrt(h*(2*r-h))/sqrt(h+H), h);

Ba a samu amsa mai amfani ba. Ƙarƙashin sqrt akwai gaɓoɓi uku na h, irin tarin da ake dangantawa da zagayen siffar ƙwai, kuma an daɗe da sanin cewa ba ya rubutuwa da sin da log da danginsu. Ƙarin bututu ɗaya ya fitar da mu daga haruffa.

An fara gwada rk, hanyar Runge da Kutta, da h a matsayin abin da ke canzawa da lokaci. Ta mutu a taki na farko: a cikakken tanki filin fuskar ruwa sifili ne, kuma da shi ake rabawa. An fara daga 1.199, ta tashi, amma amsar tana canzawa duk lokacin da aka canza girman taki, domin a saman tanki zurfi na faɗuwa da gudu sosai a daƙiƙun farko, taki na daƙiƙa 5 yana tsallake wurin. A ƙasa ma haka, ta zarce sifili ta shiga %i. An ɓata yamma guda ana rage taki.

Kuskuren na tsari ne. Ba sai an bi h cikin lokaci ba, a juya: lokaci a matsayin tarin h. Abin da ke ƙasan layi ya koma sama, sifilin da ke kashe rk ya zama sifili marar illa.

quad_qags(2*2.4*sqrt(h*(1.2-h))/sqrt(h+1.5), h, 0, 1.2);

Tana dawo da abu huɗu: amsa, ƙiyasin kuskure, sau nawa ta lissafa, da lambar matsala. Ta ƙarshen a riƙa duba ta, 0 ne lafiya. Amsa 1.888. A raba da a*sqrt(2*g), lokaci ya zama 868/C. quad ta mpmath, wata manhajar lissafin lambobi ta Python, ta ba da daidai wannan.

Asabar, 6 ga Disamba

An cika tanki, an buɗe famfo gaba ɗaya zuwa kwamin albasa, an riƙe agogo. Minti 31 kafin bututu ya fara shaƙar iska. 868 a raba da 1,860, C = 0.47. Ya yi ƙasa da 0.61, kuma haka ya kamata: gwiwoyi da famfo da gogar bututu duk suna cin ƙarfin ruwa.

Fitar da C daga awo ɗaya sannan a ce lissafi ya dace da awon ba gwaji ba ne, an tilasta shi ne. Gwajin gaskiya shi ne rabin tanki, wanda bai shiga neman C ba. Lissafi ya ce rabin sama zai ci kashi 46.9 cikin 100 na lokacin, minti 14 da daƙiƙa 33, sanda na nuna 61.2. Agogo ya ce minti 14 da daƙiƙa 10. Fomular da ba bututu da ta ce kusan minti 11. Saura daƙiƙa 23 na iya zama daga karatun sanda, ko daga cewa C ba ya tsayawa wuri ɗaya yayin da gudun ruwa ke raguwa, ko daga mintin ƙarshe da iska ta fara shiga. Awo ɗaya ba zai raba su ba.

Talata, 9 ga Disamba

Sanda. Falle na alminiyam mai faɗin santimita 2.5, tsawon mita 1.5, daga kasuwar Sabon Gari, ₦7,000. Ba a yi da katako ba, yana shan ruwa, layin yana hawa. An zana alama kowace lita 50 da allurar ƙarfe, an buga lamba kowace lita 250, ladan mai bugawa ₦2,500. Alamomin sun matsu a tsakiya, santimita 1.7 tsakaninsu, sun buɗe a ƙasa da sama. Mai bugawa ya ɗauka kuskure ne, ya so ya daidaita su, Allah ya sa an tsaya a kansa. An rubuta a bayan sandar: s = 0.015, da kwanan watan awo, da cewa ta wannan tankin ce kaɗai.

Jimlar kashewa zuwa yau ₦19,000.

Juma'a, 12 ga Disamba

Mai lambun na son a ɗaga ƙafafun da suka nutse, a zuba musu kankare. In an yi, sandar za ta koma ƙarya da santimita 1.2 ta ɗaya ɓangaren. Shawarar da aka ba shi: mai walda ya huda sabon rami a tsakiya, santimita 120 daga kowane gefe, a yi sanda da jadawalin 10 ga Nuwamba. Ita ba ruwanta da ko ƙafafu sun nutse ko an ɗaga su, matuƙar karkatar ba ta yi yawa ba. In za a ɗaga, a bar gefen famfo ya fi ƙasa da santimita ɗaya, don lita 9.5 ɗin nan su riƙa fita. Mai walda ya ce ₦6,000, sai an wanke tankin an bar shi ya bushe.

Na mako mai zuwa: sake gwajin zubewa, a rubuta zurfi kowane minti 2, a ga ko C na canzawa, a gwada lsquares_estimates a kai. Gwaji da famfo rabin buɗe. Sannan a mayar da fayil ɗin .mac ya karɓi r, L, s da wurin rami a layi huɗu na sama, domin maƙwabcin lambun yana da tanki mai murafe masu tudu, kuma nasa sai an auna zurfin tudun kafin a san ko yankin ƙwallo ne ko na ƙwai.